Dokar Ɗaura Bel a Mota: Nazari a Kan Kalmomin 'Yanci, Ƙaddara da Haƙƙi a Bakin Matafiya a Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Maiduguri zuwa Damaturu ko Kano ya san wata ɗabi'a da direbobi da yawa suke da ita. Da zarar direba ya hango jami'an kiyaye haɗurra a gaba, sai ya miƙa hannu ya jawo bel ya rataya a ƙirji, wani lokaci ma ba tare da ya maƙala shi ba, ya kuma umurci fasinjan gaba ya yi haka. Ana wuce jami'an sai kowa ya saki nasa. Marubucin wannan maƙala, wanda aiki ya kawo shi Maiduguri, kuma yake yawan bin wannan hanya don ziyarar gida, ya sha ganin haka. Abin da ɗabi'ar take nunawa shi ne, mutane sun san da dokar, suna kuma gudun tararta, amma har yanzu ba su rungume ta a matsayin tasu ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, an gina muhawarar irin wannan doka ne a kan tambaya guda: shin hukuma tana da ikon tilasta wa baligi mai hankali ya kare kansa? Wato an ɗora 'yancin mutum a hannu ɗaya na sikeli, nauyin da jama'a suke da shi a kansa a ɗaya hannun. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wannan muhawara take fitowa da Hausa, ta hanyar nazarin kalmomi da jimlolin da ake amfani da su a tashoshin mota na Maiduguri. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa mai magana da Hausa ba kasafai yake kafa hujjar ƙin ɗaura bel da kalmar 'yanci ba. Ya fi kafa ta da ƙaddara. Haka kuma harshen yana da kalmar haƙƙi, wadda ta haɗa abin da mutum yake bi da abin da ake bin sa, kuma ita ce ta fi dacewa a yi bayanin dokar da ita. Kafin a kai ga haka, ya kamata a waiwayi tarihin dokar da kuma aikin da bel yake yi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Dokar

2.1 A Ƙasashen Waje

Bel mai maƙalai uku, wanda yake ratsa kafaɗa da ƙirji da ƙugu, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Volvo kuma ya fara sa shi a motocinsa a 1959. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ce ta fara wajabta ɗaura shi a 1970. Birtaniya ta wajabta wa mazauna kujerun gaba a watan Janairu 1983, bayan an shafe shekaru ana kai ruwa rana a majalisa, sannan ta haɗa da manyan da suke zaune a baya a 1991. A Amurka jihar New York ce ta fara a 1984, amma a 1986 jama'ar jihohin Massachusetts da Nebraska suka kaɗa ƙuri'ar soke tasu dokar, ko da yake daga baya an sake kafa ta. Jihar New Hampshire kuwa ba ta wajabta wa manya ba.

Masu adawa da dokar a waɗannan ƙasashe sun fi dogara ne da ra'ayin masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill, wanda ya bayyana a littafinsa na 1859 a kan 'yanci. Taƙaitaccen ra'ayin shi ne, hukuma ba ta da hujjar tilasta wa baligi wani abu sai don hana shi cutar da waninsa, amma amfanin kansa kaɗai bai isa hujja ba. Tun da wanda ya ƙi ɗaura bel kansa yake jefawa cikin hatsari, in ji su, ina ruwan hukuma da shi?

2.2 A Nijeriya

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wato FRSC, a watan Fabrairu 1988 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka kuma shi ne shugabanta na farko. Dokar soja mai lamba 45 ta 1988 ce ta ba ta iko, daga baya aka maye gurbinta da dokar majalisa ta 2007. Hukumar ta fara tilasta ɗaura bel a duk faɗin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu 2003. Jadawalin laifuffuka na dokar 2007 ya sa tarar naira 2,000 ga wanda ya saɓa, ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 kuma sun haɗa da kujerun baya.

Ta fuskar tsarin mulki, kundin 1999 ya tabbatar da 'yancin zirga-zirga a sashe na 41, amma sashe na 45 ya halatta a taƙaita shi da doka saboda dalilai irin su tsaron lafiyar jama'a. Abin lura ga masanin harshe shi ne, duk waɗannan dokoki da Ingilishi aka rubuta su. Mafi yawan waɗanda suka shafa a Arewa ba su taɓa karanta su ba, sun same su ne ta rediyo, ko ta bakin shugabannin tasha, ko kuma a bakin hanya lokacin da aka riga aka tsayar da su.

2.3 A Maiduguri

Maiduguri gari ne na Barebari, amma ya tara Larabawan Shuwa da Babur da Margi da Fulani da Hausawa da sauran al'ummomi, kuma Hausa ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da tasha. A Tashar Kano da Tashar Bama da Tashar Baga da garejin Muna, da Hausa ake kiran fasinja, da ita ake ciniki, da ita kuma ake gardama. Saboda haka yadda aka faɗi doka da Hausa ya shafi har waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce.

Garin kuma yana da tarihi mai ɗaci game da wata doka 'yar'uwar wannan. A watan Janairu 2009 aka fara tilasta wa masu babura sa hular kwano a duk ƙasa, har aka riƙa ba da labarin 'yan acaɓa a Kano da suke kifa ƙoƙo a ka don kauce wa kamu. A watan Yuni na shekarar, jami'an rundunar haɗin gwiwa ta Operation Flush suka tare mabiyan Muhammad Yusuf a Maiduguri suna kan hanyar kai gawa maƙabarta, saboda rashin hular kwano. Gardama ta kaure, aka yi harbi, mutum 17 suka jikkata. A ƙarshen watan Yuli rikicin da kowa ya sani ya ɓarke. Ba za a ce dokar hula ce ta haifar da rikicin ba, domin saiwoyinsa sun fi haka zurfi, amma abin da ya faru ya isa ishara cewa dokar da aka kafa don kare rai tana iya zama abin ƙi idan ƙarfi ya riga bayani isa wurin jama'a. A watan Yuli 2011 gwamnatin Jihar Borno ta hana hawa babur a cikin garin, Keke Napep ya maye gurbinsa, shi kuwa ba shi da bel. Wannan ya sa batun bel a Maiduguri ya fi shafar masu motocin kansu da motocin haya masu dogon zango.

3.0 Aikin da Bel Yake Yi

Idan mota tana gudu, duk abin da yake cikinta da irin gudunta yake tafiya. In ta daki wani abu ta tsaya nan take, jikin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya har sai ya samu abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko mutumin da yake gaba, ko kwalta. Lissafi ya nuna cewa karo a gudun kilomita 50 a sa'a daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. A gudun kilomita 100 kuwa, tsawon ya kusa mita 40, domin in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Bel yana hana a wurgo mutum waje, yana raba ƙarfin bugun a kan ƙasusuwa masu ƙwari na ƙugu da ƙirji, yana kuma riƙe direba a mazauninsa don ya iya sarrafa mota bayan bugun farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwa a hatsari har zuwa kashi 50 cikin 100. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in an gwada da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. Akwai kuma binciken da Ichikawa da abokan aikinsa suka yi a Japan, aka buga a mujallar Lancet a 2002, wanda ya gano cewa fasinjan baya da bai ɗaura bel ba yana ninka hatsarin mutuwar na gabansa kusan sau biyar, ko da shi na gaban ya ɗaura. Wannan sakamako yana da muhimmanci ga muhawarar, domin ya nuna cewa ko a ma'aunin Mill kansa, ƙin ɗaura bel yana cutar da wani.

4.0 Kalmomin Muhawarar

4.1 Bel da Ɗamara, Ɗaura da Ɗaure

Kalmar bel ararriya ce daga Ingilishi. An shafe baƙinta na ƙarshe saboda tsarin gaɓar Hausa ba ya yarda da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma. Ta shigo ne da ma'anar abin ɗaure wando, sannan ta faɗaɗa zuwa na inji da na kujerar mota. Kalma ce da ba ta ɗauke da wani nauyi na al'ada, ba ta jan yabo ko zargi. Kalmar asali da ta yi daidai da ita ita ce ɗamara, ita kuwa tana cike da ma'ana. Manomi da ɗan dambe da mayaƙi duk sukan ɗaura ɗamara, kuma idan an ce wane ya ɗaura ɗamarar yin abu, ana nufin ya shirya masa da gaske. Sai dai ɗamara tana da wata fuskar, domin aikin ɗamara shi ne aikin soja da ɗan sanda da makamantansu, wato su masu tsayar da mutum a hanya.

Zaɓin aikatau ma yana da tasiri. A tsarin azuzuwan aikatau na Parsons (1960), ɗaura tana aji na ɗaya, ɗaure kuma tana aji na huɗu. Saiwarsu ɗaya, amma dubi abokan tafiyarsu:

(1) ɗaura aure, ɗaura niyya, ɗaura alwala, ɗaura sirdi, ɗaura ɗamara

(2) ɗaure ɓarawo, ɗaure akuya, ɗaure kaya, ɗaure fuska

A misali na (1) aikau yana ɗora wa kansa ko wani abu shiri ko alkawari. A na (2) kuwa ana hana karɓau motsi, daga nan ne ma aka sami ɗauri da ɗaurarre, wato zaman gidan kaso da mai yin sa. Saboda haka jimlolin nan biyu ba saƙo ɗaya suke isarwa ba:

(3) Ka ɗaura ɗamararka kafin mu tashi.

(4) Ka ɗaure kanka da bel.

Ta (3) tana nuna mutum mai shirin tafiya, ta (4) tana nuna mutumin da aka takure. Fasinjan da ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure shi, jimla ta (4) ya ji, ko ita ya fahimta.

4.2 'Yanci

'Yanci ta samo asali ne daga saiwar da ta ba da ɗa da 'ya da 'ya'ya, da ma'anar wanda ba bawa ba, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar -nci mai nuna matsayi ko hali, kamar yadda yake a shugabanci. A karin harshen yamma, inda ake cewa ɗiya, akan ji ɗiyauci. Asalin kishiyar 'yanci ke nan ita ce bauta, shi ya sa ake 'yanta bawa. Da zuwan siyasar jam'iyyu sai kalmar ta faɗaɗa, aka sami 'yancin kai na 1960, daga baya kuma 'yancin ɗan'adam da 'yancin faɗar albarkacin baki.

Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne, 'yanci a Hausa matsayi ne da mutum yake da shi a cikin jama'a. Ɗa shi ne mai dangi da asali, wanda ake jin kunyarsa yake kuma jin kunyar mutane. Idan an ce wane ɗa ne, ana yabon cika alkawarinsa da sanin ya-kamatansa. Ma'anar da Mill yake nufi, wato wani fili na rayuwa da babu mai shiga sai mai shi, Hausa takan bayyana ta ne da wasu kalmomin, kamar ganin dama da ra'ayi da ina ruwanka, kuma ba kasafai ake ɗaukar su abin yabo ba. Wanda ya ce yana yin abin da ya ga dama, mai saurare yakan ji ƙanshin taurin kai a maganarsa. Wannan ne ya sa da wuya a ji direba a tasha yana cewa 'yancinsa ne ya ƙi ɗaura bel. Irin wannan furuci ya fi fitowa daga bakin 'yan boko, kuma fassara ce ta muhawarar waje.

4.3 Ƙaddara da Nahawun Hatsari

Hujjojin da aka fi ji a tasha iri biyu ne. Na farko na yau da kullum ne: zafin Maiduguri da yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, da yamutsewar babbar riga mai guga, da dattin bel ɗin da ya daɗe ba a taɓa shi ba. Akwai kuma tsoron kada bel ya riƙe mutum lokacin da yake buƙatar fita da gaggawa. Wannan tsoro ba abin raini ba ne a hanyar da ta ratsa Auno da Jakana da Mainok da Benisheikh, inda matafiya suka sha fuskantar hare-hare a shekarun rikici. Amsarsa ita ce, kwance bel danna maɓalli ɗaya ne, wanda kuwa ya bugu da kai ya suma ba ya iya gudu ko kaɗan.

Iri na biyu shi ne mai zurfi, kuma shi ne ake rufe gardama da shi:

(5) Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

(6) In kwana ya ƙare, bel ba ya hana mutuwa.

(7) Allah ne mai tsarewa.

Nahawun ba da labarin hatsari ma yana ƙarfafa wannan tunani. Dubi waɗannan:

(8) Mota ta ƙwace masa.

(9) Taya ta fashe.

(10) Hatsari ya rutsa da su.

A dukkansu, mota ko taya ko hatsari shi ne aikau, mutum kuwa ko dai an mai da shi wanda abu ya faɗa wa, ko an cire shi daga jimlar ɗungurungum. Ba a ambaci wanda ya yi gudun ba, ko wanda ya bar tayar ta suɗe. Wannan salo yana da amfaninsa a wurin ta'aziyya, domin yana sanyaya zuciya yana kuma kawar da zargi a lokacin da zargi ba shi da amfani. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauko harshen bayan aukuwar abu aka yi amfani da shi kafin aukuwarsa, wato aka mai da kalmar haƙuri ta zama hujjar sakaci.

Harshen da kansa ya tanadi amsa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Malamai sun bambanta tawakkali da sakaci, suna kafa hujja da sanannen hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, inda aka umurci mai raƙumi ya fara ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, da kuma aya ta 195 ta Suratul Baƙara da ta yi hani ga jefa kai cikin halaka. Riƙo da sababi ke nan. Direban da yake faɗar jimla ta (6) shi ne kuma yake duba mai da ruwa da birki kafin ya tashi, yake kulle motarsa da dare. Ashe bai ƙi sababi ba, bel ne kawai bai shiga jerin sabuban da ya yarda da su ba. Aikin mai wayar da kai shi ne ya shigar da shi, ba tare da ya yi jayayya da imanin mutane ba.

4.4 Haƙƙi da Alhaki

Hausa ta ari kalmar Larabci ta ḥaqq sau biyu: sau ɗaya ba tare da al- ba, ta ba da haƙƙi, sau ɗaya kuma tare da ita, ta ba da alhaki. Abin sha'awa game da haƙƙi shi ne fuska biyu gare ta:

(11) Haƙƙina ne.

(12) Haƙƙi ne a kaina.

A (11) abin da mutum yake bi ne, a (12) abin da ake bin sa. Ingilishi yana buƙatar kalmomi biyu mabambanta don waɗannan ma'anoni, shi ya sa muhawarar can ta zama ta ɓangarori biyu masu karo da juna. A Hausa kalma ɗaya ce, kuma duk haƙƙin da yake na wani, a kan wani yake. Ana sauke haƙƙi, ana tauye shi, ana fita haƙƙin mutum. Alhaki kuwa shi ne abin da yake biyo bayan tauye haƙƙi: ana ɗaukar alhakin mutum, alhakin kuma yakan kama wanda ya ɗauka.

In aka auna batun bel da wannan kalma, tambayar sai ta sauya. Maimakon a ce ina ruwan hukuma, sai a ce su wa suke da haƙƙi a kan wannan rai? Amsar a bayyane take. Akwai fasinjojin da suke amana a hannun direba, da wanda yake zaune a gaban fasinjan baya. Akwai matar da za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, da 'ya'yan da za su zama marayu, da iyayen da yake ciyarwa. In kuma bai mutu ba, ya sami karayar ƙashin baya ko rauni a ƙwaƙwalwa, dangi ne za su yi karo-karo su biya kuɗin magani, tun da mafi yawan jama'a daga aljihunsu suke biya, su ne kuma za su yi jinya. Gadon da zai kwanta a kai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da jinin da za a ƙara masa, da lokacin likita, duk abubuwa ne masu ƙaranci da wani majinyacin yake jira. A al'ummar da mutum ɗaya yakan ɗauki nauyin goma, filin da za a ce ya shafi mutum shi kaɗai ƙanƙane ne ƙwarai.

Wannan fahimta ta dace da abin da malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka bayyana, cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Ta kuma dace da yadda Bahaushe yake ɗaukar rai a matsayin amana da aka ba shi ajiya.

5.0 Iyakar Ikon Hukuma

Duk da haka, bai kamata a yi watsi da gargaɗin Mill ba. In aka ce duk abin da zai jawo wa dangi asara hukuma tana iya hana shi, to babu inda za a tsaya, domin shan zaƙi da cin goro da doguwar tafiyar dare duk za su shiga. Dole ke nan a sami ma'auni. Za a iya cewa tilastawa tana da hujja idan abubuwa huɗu suka haɗu: cutar da ake gudu babba ce kuma ba ta gyaruwa, an tabbatar da amfanin matakin, nauyin da aka ɗora wa mutum ƙarami ne, sannan dokar ta hau kan kowa. Dokar bel ta cika ukun farko. Ba ta hana kowa tafiya ba, ba ta zaɓa masa inda zai je ba, abin da ta nema daƙiƙa biyu ne da ɗan takura.

Sharaɗi na huɗu ne yake da rauni, kuma a nan ma kalmar haƙƙi tana aiki, domin fuskarta ta biyu tana kallon hukuma. Motar hayar da aka cusa wa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ba ta da bel da zai ishe su, kuma yawancin tsofaffin motoci na bayansu ya tsinke ko an tura shi ƙarƙashin kujera. Fasinjan da yake son bin doka a irin wannan mota ba shi da hali. Haka nan idan talaka ya ga ana tsayar da shi ana barin babban mutum ya wuce, ko ya ga hanya ta lalace ba a gyara ba, zai ɗauki dokar a matsayin hanyar karɓar kuɗi kawai. Wanda yake neman a sauke masa haƙƙi, sai ya fara sauke wanda yake kansa. Kula da hana lodi fiye da kima, da duba motoci tun daga tasha tare da haɗin kan ƙungiyar direbobi, da daidaita kowa a gaban doka, su ne haƙƙin da jama'a suke bin hukuma.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa muhawarar dokar bel, wadda aka gina a waje a kan karo tsakanin 'yanci da nauyin jama'a, tana da wata siffa dabam a Hausa. Kalmar 'yanci ba ta ɗauke da ma'anar kaɗaici da ake nufi a can, hujjar da ta fi ƙarfi a tasha ita ce ƙaddara, kalmar haƙƙi kuma ta haɗa ɓangarorin biyu wuri ɗaya. Bisa haka ana ba da shawarar cewa masu fassara saƙonnin kiyaye haɗurra su fifita ɗaura a kan ɗaure, su gwada ɗamarar mota tare da bel, su gina saƙon a kan haƙƙi da amana da riƙo da sababi maimakon tara da kamu, su kuma yi amfani da jimlolin da suke mai da mutum aikau. Ana kuma kira ga masana Barbarci da Larabcin Shuwa da Fulatanci da sauran harsunan Nijeriya su gudanar da irin wannan nazari a harsunansu, domin a ga ko kalmominsu sun raba abin da mutum yake bi da abin da ake bin sa, ko sun haɗa su kamar yadda Hausa ta yi.